Ki Riƙa Motsa Baki Kawai

Shekara goma sha ɗaya ina jagorancin mawaƙan cocinmu, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa cewa Allah ya ba ni kunne ba. Murya ɗaya ta kauce a cikin talatin, sai in ji ta kamar tsakuwa a takalmi. Haƙuri ne dai ban samu ba. Matata ta sha faɗa mini haka, ni kuma in ce mata aikin Allah ba ya son wasa.

Mama Mai Guga ita ce tsakuwar. Dattijuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana da ɗan shagon guga a bayan tashar mota. Duk Asabar ita ke wanke rigunan mawaƙa ta goge su, ba wanda ya sa ta. A layi na uku take tsayawa, ta rufe ido, ta saki murya iya ƙarfinta. Muna hawa tana sauka. Mun gama baiti, ita tana can tana jan wutsiyarsa.

Wata Alhamis da yamma muna gwaji, na tsayar da waƙa sau huɗu saboda ita. A na biyar raina ya gama ɓaci, na buga sanda a benci.

"Haba Mama! Ke kaɗai kin hana mutum talatin sakat. Daga yau ki riƙa motsa baki kawai, kar in ƙara jin sautinki."

'Yan mata biyu a gaba suka fashe da dariya. Ta buɗe ido ta dube ni, ta gyara ɗankwalinta.

"To, Malam. Ka yi haƙuri."

Maganar ta kai kunnen Fasto. Ya tare ni a bakin ofishinsa bayan sujada, ya ce, "Malam, tawali'u fa ba riga ba ce da ake sawa ran Lahadi a cire. Ubangijinmu Yesu bai taɓa kunyata mai rauni a gaban jama'a ba. Ka je ka same ta."

Na ce zan je. Ban je ba. Me zan je yi? Ga ta nan tana zuwa gwaji kafin kowa, tana gaishe ni da fara'a, kuma rigata ta fi ta kowa shan guga. Na yanke wa kaina hukunci cewa abin bai dame ta ba, don hakan ya fi mini sauƙi. Shekara huɗu tana tsaye a layi na uku, ido rufe, baki na motsi, ba sauti. Waƙarmu ta yi daɗi har ana gayyatarmu wasu coci-coci.

Ina jin kunyar faɗin yadda na gane ba ta da lafiya. Rigunanmu na gani a yamutse. Mako biyu ba ta zo ba, ban lura ba, sai da guga ta tsaya. 'Yarta ta fari ce ta kawo su a ƙunshe, ta ajiye a gabana.

"Ta ce a ba ka haƙuri, ba ta iya tsayuwa. Likita ya ce mu kai ta gida kawai." Ta juya za ta tafi, sai ta dawo. "Malam, ka san da waƙarta muke tashi tun muna yara? Mukan toshe kunne muna tsokanarta, ita ko a jikinta. Tun ranar da ka yi mata magana ba ta ƙara yi ba, ko a shago, ko a wurin wanka. Shekara huɗu gidanmu shiru."

Da rana tsaka na isa gidan. Ɗaki ne ƙarami, labule a sake, warin magani ya cika shi. Dutsen gugarta na kan tebur, an naɗe masa waya. Ta rame har na kusa kasa gane ta, amma muryarta na nan, da ita ta yi mini sannu da zuwa, ta tambayi matata da yara. Na durƙusa a gefen gadon.

"Mama, na zalunce ki. Ki yafe mini."

"Wane zalunci kuma, ɗana? Ai gaskiya ka faɗa. Tashi, kar ka ɓata wandonka."

Da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Na ce, "To mu yi waƙa tare, wadda kika fi so."

Na ɗauko waƙar a hankali. Ta rufe ido kamar yadda ta saba, leɓɓanta suka bi ni kalma bayan kalma. Na kasa kunne, ban ji komai ba.

"Mama, ki ɗaga murya. Ina roƙonki."

"Ina yi, Malam. A ciki nake yi. Shi Allah yana ji."

Na sake farawa, wannan karon da gangan na kauce, na sauka inda ake hawa, na ja ƙarshen baiti kamar yadda takan yi, ko za ta saki jiki ta biyo ni. Sai ta miƙo hannu ta dafa nawa.

"A'a, kar ka ɓata ta saboda ni. Shekara huɗu ina saurare, yanzu na san yadda take. Yi ta daidai in ji."

Na yi ta daidai har ƙarshe, hawaye na zuba mini. 'Yarta na tsaye a bakin ƙofa, ba ta dube ni ba.

Bayan kwana tara ta rasu. A sujadar jana'izarta mawaƙana suka yi waƙar nan ba kuskure ko ɗaya, a cikin rigunan da matata ta goge. Na ɗaga sanda, idona ya faɗa kan gurbin da ke layi na uku. Na buɗe baki zan ja su, murya ta ƙi fita. Haka na yi ta motsa baki har aka gama.