Gimbiya Mai Lamba Talatin da Tara

Mai takalma bakinsa kashi biyu ne: a waya zuma, a gida maɗaci. Duk macen da ta tambayi farashi a shafinsa, ko da kakar wani ce, sai ta sha "gimbiya", "zinariya", "hasken idona". Matarsa kuwa, da ta haifa masa 'ya'ya uku, sunanta "Ke". Ke, ina cajata? Ke, yaron nan ya haɗiye maɓalli.

Abin yana ci mata rai. Ba kishi take yi ba, ta san mijinta, ko kaza ba ya iya tarewa balle mace. So kawai take ta ji kalma ɗaya mai daɗi daga bakinsa kafin haƙoransu su zube.

Ta same shi a falo, kwalaye sun kewaye shi, yana ɗaukar hoton wani takalmi mai tsini a kan zanen gadon da ta wanke.

"Baban yara, wai matar da ba ka taɓa gani ba ce hasken idonka? Ko kunya?"

"Ke, kasuwa ce," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "In na ce mata Malama, rabin kuɗi za ta taya."

To, tunda kasuwa ce, ita ma ta shiga kasuwar. Ta ari wayar ƙanwarta, ta shige kicin, ta rubuta masa: "Akwai jan nan, lamba talatin da tara?"

Amsa ta faɗo tun albasa ba ta soyu ba: "Akwai, gimbiya. Ai ƙafarki aka auna aka yi shi."

Ƙafar da kullum yake tsallakewa in zai ɗauki rimot. Ta yi tsaki, amma abin haushi, daɗi ta ji har cikin ranta. Ta karanta, ta sake karantawa, albasa ta ƙone.

Ta ce ya kawo mata gaban kantin magani na bakin titi. Gogan naka ya yi wanka, ya feshe jiki da turare, ya zura rigar da ita ta goge masa, ya ce, "Ke, zan kai kaya."

Ta bi ta lungu ta riga shi isa. Da ya hango ta zaune a benci da wayar ƙanwarta a hannu, sai ya yi tsaye kamar an dasa shi.

"Ga gimbiya," ta ce. "Ba faɗa na zo yi ba, Baban yara. Faɗa mini da bakinka, sau ɗaya, in ji."

Ya dubi mai maganin da ya baza kunne, ya dubi kwali, gumi ya karyo masa. Can dai ya zaro wayarsa, ya juya mata baya, ya latsa.

Wayar hannunta ta yi ƙara. Cike da murna ta buɗe.

"Gimbiya hasken idona, mun gode da ciniki. In an ji daɗin kaya, a tallata mu wurin ƙawaye."