Rigar Auta

Da hantsi nakiya ta tashi da motar masu dawowa daga allurar rigakafin ƙyanda. Sojojin ƙasashe biyu ne a ciki, na gida da baƙin da suka zo aikin asibiti na haɗin gwiwa. Kafin ka ce me, tantin tiyata ya cika da ihu da ƙaurin nama.

Manjo, likitar da ke bakin aiki, mace ce da ba ta ɗaukar wargi. Ita ta kafa dokar tantin: wanda ya fi zubar da jini shi ake fara ɗauka, ko ɗan uban waye. Gadon tiyata kuwa ɗaya ne tal.

Aka shigo da mutum biyu, wuta ta cinye fuskokinsu, ko uwar da ta haife su ba za ta shaida su ba. Na farko da kakin baƙi, cinyarsa ta dare, jini na tsartuwa har kan takalmin Saje, mataimakinta. Na biyu da kakin gida, ƙarfe ya shige cikinsa. A aljihun rigarsa ta hango faci na baƙin zare. Ita ta ɗinka wa ƙaninta Auta shi makon jiya, tana yi masa tsiya wai ƙato da shi bai iya riƙe allura ba.

"Ranki ya daɗe, mai cinyar nan ba zai kai minti goma ba," in ji Saje.

"Ɗaure masa. Hau da mai kakin gida gado."

"Amma dokar..."

"Saje, ni na ce!"

Wallahi ta yi aiki. Ta tsaga, ta zaro ƙarfen, ta ɗinke, jini har gwiwar hannunta. A bayanta ɗaurin ya ƙi riƙewa, mai cinya yana ta kakari, yana son magana, babu leɓen yin ta. Ko waiwaye ba ta yi ba. Can ya yi shiru.

Da na kan gado ya farfaɗo, ta sunkuya. "Auta, ni ce, Yaya."

Ya amsa da harshen baƙi.

Shugaban baƙin ya shigo yana ta godiya. Al'adarsu ce, in ji shi, ranar gama aiki kowa ya yi musayar riga da abokinsa. Da safen nan ma aka yi, ana ta dariya.

Manjo ta taka zuwa lungun tanti, ta yaye bargon da aka rufe mai cinya da shi. Ta kama hannunsa na hagu. Ga tabon nan a babban yatsa, inda ta datse Auta da ƙofa suna yara.