Sharaɗi Na Sha Bakwai

Nasidi tela ne a Limancin Kona, kuma duk abin da gidansa ke ci daga keken ɗinki guda yake fitowa. Mahaifiyarsa, Inna Larai, ita ta saya masa shi da kuɗin ƙuli-ƙuli, tun ƙafafunsa da ƙyar suke kai wa ga matakin.

Da ciwon ƙodarta ya tsananta, likita ya tura su Kano. Ba ta iya zama sai kwanciya, don haka motar tasha ba za ta yiwu ba. Nasidi ya taɓa tuƙa motar burodi, sai ya nufi wani sabon kamfanin hayar motoci a Gyallesu.

Manajan wurin, Haisam, irin mutanen nan ne masu zuma a baki. Ya ba shi kujera da ruwan sanyi, ya ce ƙaramar mota ai ba ta dace da uwa ba, a ɗauki babba. Ya ɗora masa kuɗin inshora a kai.

"Wannan ta rufe komai, Malam. Ko me ya faru, ba ruwanka. Keken ɗinkin da za ka bari jingina kuwa, ajiya ce ta kwana biyu, tsarin kamfani ne kawai."

Takardar shafi huɗu ce, da Turanci, rubutun ƙanana kamar jerin tururuwa. Wanda ya baro uwa tana nishi a gida, ina ya ga ta karatu? Ya sa hannu, ya kawo keken.

A Kano likitoci suka ce a mai da ta gida, lokaci ya ƙure. Sun wuce Kwanar Ɗangora kenan ƙanwarsa Sa'ida, da ke riƙe da kan Inna a baya, ta ce, "Yaya, tsaya." Kafin la'asar an kai Inna makwancinta.

Washegari ya baro masu gaisuwa a zaure, ya wanke motar da hannunsa, ya turara ta, ya mayar. Haisam ya zagaye ta sau biyu bai sami ko ƙwarzane ba, har ya aika a fito da keken. Amma Nasidi ɗan gidan malamai ne, ba a mayar da amana a gidansu sai da cikakken bayani.

"Ranka ya daɗe, akwai abin da ya kamata ka sani. A cikinta Allah ya karɓi ran tsohuwata."

Haisam ya ɗaga hannu sama, ya yi mata addu'a doguwa, har da fatiha. Yana shafawa ya jawo takardar, ya ɗora yatsa a kan sharaɗi na sha bakwai: an hana ɗaukar gawa. Tarar ta ninka kuɗin keken.

"Da ranta na ɗauke ta! Inshorar fa?"

"Inshora ta haɗari ce, Malam. Mutuwa ba haɗari ba ce, ƙaddara ce. Kuma wa zai ƙara hawa motar da aka mutu a ciki? Amma don mutunci, mu riƙe keken, a bar sauran."

Nasidi ya waiwaya. Ta ƙofar da aka buɗe ya hango ɗakin ajiya: babura, firiji, injin niƙa, kowanne da farashi manne a jikinsa. Ashe nan ne ainihin kasuwar, motocin tarko ne. Yana kallo aka juya da keken ciki, da zaren rigar wani har yanzu a jikin allura.

Haisam ya rako shi bakin ƙofa, ya dafa kafaɗarsa kamar ɗan'uwa.

"Kai ma dai, Malam. Da ka yi shiru, wa zai sani?"

Da ƙafa ya koma cikin birni. A zaure ya tarar limamin unguwa yana faɗa wa jama'a cewa Larai ba ta bar dukiya ba, amma ta bar ɗa mai gaskiya. Kowa ya ce amin. Nasidi ya zauna a gefen tabarma, ya rasa inda zai sa hannuwansa.