Ƙeyar Nan ta Gidan Wa ce?

Mai ɗinki dai, baiwar Allah, ba don shari'a ta tara dangi a falonta ba. Autanta ne ya daina barci, sai surutu ba kai ba gindi, an gwada magunguna ba su karɓe shi ba. Likita ya ce irin wannan ciwon yakan bi jini. In wani ya taɓa yi a dangi, ta tambayo maganin da ya yi masa aiki, wataƙila ya dace da yaron.

Kuskurenta ɗaya, ta bar hoton ƙwaƙwalwar Auta a kan keken ɗinki.

Gwaggo, yayar uban yaron, ta zaro shi ta ɗaga saitin taga tana ƙare masa kallo, sai ka ce jariri aka miƙo mata.

"Wannan faɗin ƙeyar ba namu ba ne," in ji ta.

Kawu, wan mai ɗinki, ya gyara tabarau. "A juye kika riƙe. Daidaita shi ki ga goshin ƙaninki sak."

"Hoton lafiya lau yake!" in ji mai ɗinki. "Ƙari aka duba a ciki, babu. Wannan ciwon ba ya fitowa a hoto. Ni magani nake tambaya, jama'a!"

Ina! Wa ya ji ta? Gwaggo ta tono kakan su Kawu mai hira da rediyo a kashe. Kawu ya tono wani baffan su Gwaggo da ya taɓa yi wa awakin maƙwabta fenti. Kowa ya haddace na gidan wani, nasa kuwa tsarkakakku ne tun kaka da kakanni.

Auta ya leƙo daga ɗaki, ido jawur. "Umma, in sun gama da kan nawa a miƙo mini, zan gwada kwanciya."

Mai ɗinki ta fizge hoton, ta wangale ƙofa. "Na gode. A gai da gida."

Kawu ya fita yana mita. Gwaggo kuwa ta tsaya laluben takalmin da ke gabanta, sai da Kawu ya yi nisa ta zaro kwalin magani daga jaka, ta cusa wa mai ɗinki a hannu.

"Ki nuna wa likita. Tun kafin a auro ki nake sha, da shi nake barci. In wannan wan naki ya ji, ni da ke ne."

Ta zura takalmi, ta waiwayo.

"Amma ƙeyar nan dai taku ce."