Jelar Gimbiya

Sauda na tsaka da sheƙar gero ta ji ana kiranta ta bayan danga. Raudatu ce, 'yar maƙwabciyarta Inna Falta, wadda ta zo daga Bici jinyar uwar.

"Yaya Sauda, mun dawo da Inna daga asibiti. Sun ce mu kawo ta gida, sai dai addu'a. Bakin ma ya rufe."

Ƙwaryar ta suɓuce daga hannun Sauda, kaji suka yo caa a kan geron, ko korarsu ba ta yi ba. Wata biyar ke nan rabonta da yi wa tsohuwar ko da sannu, kuma duk a kan kyanwa.

Gimbiya ake kiran kyanwar, don ba ta aikin fari balle na baƙi. Inna Falta kuwa mutuniyar Barno ce da aure ya kawo ƙauyen shekara arba'in da wani abu, kuma tun rasuwar mijinta Malam Umara kyanwar nan ce abokiyar hirarta. Ta karance jelar Gimbiya tas kamar allo. Sau nawa tana tsare Sauda a kan tabarma tana biya mata.

"Duba nan, 'yar nan. In ta taho jela a miƙe sama, sallama take yi miki. In ta kumbura ta kamar tsintsiya, tsoro ta ji. In tana bugun ƙasa da ita, to ki tattara ki ba ta wuri. Amma in tana kwance ido a rufe, bakin jelar kaɗai ke motsi, ba barci take ba. Tana jin ki sarai, auna maganarki take."

"Inna, ai sai ki buɗe makaranta," Sauda kan ce tana dariya.

Da damina ta faɗi, 'yan tsakin Sauda uku suka ɓace. Ta iske Gimbiya a gindin rumbu tana lasar baki, ba ta tsaya bincike ba ta wurga mata muciya, jelar ta karye daga can ƙarshe. Inna Falta ta zo ta naɗe kyanwar a zani, ta ce, "Ba ita ba ce, Sauda." Ita kuwa zuciya ta ɗebe ta, ta ce tsofai-tsofai da mutum ya rasa abin goyo sai mage. Bayan kwana biyu, a kan idonta shirwa ta sure ɗan tsako na huɗu. Sauda ta haɗiye maganar, ba ta gaya wa kowa ba. Kullum sai ta ce gobe za ta shiga, goben ta yi ta ja har aka yanke gero.

Yanzu ga shi baki ya rufe. Tsoro ya kama ta ƙwarai, kada tsohuwar ta tafi ta bar ta da hakkin nan a wuyanta, ba ta ji kalmar yafiya ba.

Ta yafa mayafi ta zagaya. Ɗakin na nan da ƙamshin turaren wutarsa na kullum. Inna Falta na kwance a katifa, ɓarin dama ya shanye, idanu a rufe. Gimbiya na naɗe a gefenta, tana ganin Sauda ta fara bugun katifar da karyayyiyar jelarta, fat, fat. Sauda ta gane karatun, amma ta durƙusa.

"Tun jiya ba ta san wanda ke kanta ba," in ji Raudatu. "Sai wannan yatsan da ke ta motsi. A asibiti sun ce jijiya ce kawai."

Sauda ta zuba wa hannun hagun ido. Da ɗakin ya yi tsit, yatsan ya tsaya. Ta ce, "Inna," sai ya ɗaga, ya sauka a hankali.

"Ba jijiya ba ce, Raudatu. Tana jin mu."

Ta matsa har gwiwarta na taɓa katifar. "Inna, ni ce Sauda. Shirwa ce ta kwashe tsakin nan, na gani da idona, na ɓoye. Na zalunci baiwar Allah, na yi miki rashin kunya, ke da kika yi mini wankan jego da hannunki. Girman kai ne ya hana ni zuwa. Don Allah ki yafe mini."

Yatsan ya tsaya cak. Can waje wani na ta fafatawa da jaki a kan hanyar gona, har muryarsa ta ɓace, hannun bai motsa ba. Hawaye ya ɓalle wa Sauda, ta yunƙura za ta tashi. Sai hannun ya rarrafo a kan zanin gado, ya laluba wuyan hannunta, ya ja shi da ɗan ƙarfin da ya saura, ya ɗora a gadon bayan Gimbiya, ya danne. Kyanwar ta bugi katifa sau biyu, sannan ta lafa, bakin jelar kaɗai ke rawa.

"Me take nufi?" Raudatu ta tambaya a hankali.

Sauda ta ce, "Riƙo ta ba ni."

Washegari da hantsi Inna Falta ta cika, aka kai ta kafin azahar. Gimbiya ta ɓace, har aka yi sadakar uku ba wanda ya gan ta. Kullum Sauda sai ta ajiye nono a ɗan kasko a bakin kafar danga, kullum kaji ke shanyewa.

Rana ta huɗu da safe tana hura wuta, ta ji karan danga ya motsa. Gimbiya ce, duk ta rame. Ta tsaya ta dubi kaskon, ta dubi Sauda, ta daɗe a tsaye. Sannan ta taho tsakar gida sannu a hankali, jela a miƙe sama, ƙarshenta a lanƙwashe inda muciya ta sauka.

Sauda ta ajiye mafici.

"Wa'alaikumus salam," ta ce.