Kifin Gabas da na Yamma

Tun daga bakin titi Juwairiyya ta hango ruwa ja-ja yana malalowa ta ƙarƙashin ƙofar shagon yayanta. Ta diro daga keke napep tun bai gama tsayawa ba.

Taransifomar layin ta kama da wuta jiya, yau da safe kuma janareton shagon ya buga. Duk mai sayar da kifin ƙanƙara a Tudun Wada ya fito da kayansa waje yana karya farashi. Ƙarni ya cika unguwar, ƙudaje sun yi baƙi a kan tebura.

"Yaya Salmanu! Ina kifina?"

Salmanu ya ɗago daga cikin firiza, gumi na ɗiga daga gemunsa. "Kwantar da hankalinki, likitar kifi. Naki na fara ceta kafin nawa. Leƙa baya ki gani."

Ta kutsa ta bayan shagon. Bahuna uku ta tarar a inuwa, an rufe su da buhu da ɓarɓashin ƙanƙara. Ta yaye na farko, manyan kifin shawa ne a jere. Na biyu matsakaita, na uku ƙanana. A gefen kwata kuma ga ledoji nan a tule, babu komai a ciki, ruwa ya wanke rubutun da ke jikinsu.

Ta durƙusa a cikin ruwan.

Mijinta Zulkiflu ne ya kamo kifin nan. Ya bi gaɓar teku tun daga Badagiri har iyakar Kamaru, duk inda ya tsaya sai ya ƙulle kifin wurin a leda, ya rubuta sunan ruwan. Abu ɗaya suke son sani su biyun: shawar gabas da ta yamma jini ɗaya ce, suna cuɗanya suna haihuwa, ko kowa gidansa daban? Masu manyan jiragen kamun kifi sun dage cewa ɗaya ce, ko an kwashe ta gabas, ta yamma za ta zo ta cike gurbi. Zulkiflu bai yarda ba. Ya ce in dangin gabas daban ne, ranar da suka ƙare sun ƙare ke nan. A fitarsa ta ƙarshe kwalekwalen ya kife. Kifin da ya riga ya aiko ya iso Zariya, gawar Zulkiflu ba ta iso ba. Firizar sashensu a jami'a ta cika, shi ya sa ta kawo ajiyar wurin yayanta kafin sinadaran gwaji su iso.

"Yaya," ta ce, "wa ya ce ka kwance ledojin?"

"Haba Juwairiyya! Leda ai zafi take riƙewa. Kuma wa yake haɗa babba da ƙarami? Babba ya danne ƙarami ya fasa masa ciki? Haka Baba ya koya mana, kina gani kika tashi."

"Wanne ne na gabas?"

Ya dubi bahunan, ya dube ta. "Ba duk shawa ba ce?"

"Wanne ne na gabas, Yaya?"

"To ki kai wa na'urarku mana. Ba kin ce har kakan kifi tana ganewa ba?"

"Za ta ce min wane ɗan'uwan wane ne. Ba za ta ce min daga wane ruwa aka tsamo shi ba. Wannan Zulkiflu kaɗai ya sani, shi da ledojin can."

Salmanu ya nufi tulin da sauri, yana ɗaga leda ɗaya bayan ɗaya a rana. Babu abin da ya rage sai dabbaren shuɗi. "Innalillahi," ya ce a hankali. "Wallahi gyara na yi niyya."

Ta ɗauki ƙaramar shawa ɗaya, ta riga ta yi laushi, idonta ya dushe. Wataƙila ita ce ta ƙarshe da hannun mijinta ya taɓa, wataƙila ba ita ba ce. Ta mayar da ita cikin bahon.

Sai aka yi sallama a bakin shagon, da wata irin Hausa mai nauyi ta mutanen kurmi. Dogon mutum ne, gishirin teku ya cinye fatar hannuwansa, yana rungume da shuɗiyar kular ƙanƙara wadda aka ɗaure da igiyar taru. A murfinta akwai rubutun hannun mijinta, wanda Juwairiyya za ta gane ko a mafarki.

"Ke ce matar Malam Zulkiflu?" ya tambaya, yana waiwayen titi. "Ni ne na tuƙa kwalekwalen. Ba igiyar ruwa ce ta kifar da mu ba, Hajiya. Ki sa a rufe ƙofar nan. Tun daga Kwangila wata farar mota take bina."