Ƙarfen da Maɗaci Ya Haɗiye

Dogo ya shekara goma sha tara yana yankan katako a injin yayansa, bai taɓa jin zarto ya yi irin kukan da ya yi ranar ba. Wani tsohon maɗaci ne da masu faɗaɗa hanya suka kayar. Zarton ya ci rabin gungumen ke nan sai tartsatsi ya tashi, haƙora huɗu suka ɓalle.

"Ka gama da ni!" in ji Yaya, ya fito da gudu, burodi a hannu. "Ƙusa ce?"

Dogo ya sa guduma da cizal ya bi baƙin tabon da ke cikin itacen. Kusan kamu biyu daga ɓawo ya tarar da wani ƙaton ƙarfe a kafe, da guntuwar sarƙa, ƙarshenta da zobe mai makulli.

Yaya ya jujjuya shi, ya ajiye burodin.

"Mari ne," ya ce. "Irin wanda ake ɗaure mutane da shi."

"A tsakiyar itace, Yaya?"

"Itace ba ya tofar da abin da aka kafa masa. Rufe shi yake yi a hankali, shekara bayan shekara, har ya haɗiye. Kuma ta sama yake tsawo. Inda ka buga ƙusa, nan za ta zauna ko bayan shekara ɗari biyu."

Dogo ya ɗauko tef ya auna daga gindin. Gurbin ƙarfen bai kai gwiwar mutum ba, sarƙar kuma ba ta fi taki ɗaya ba. Ya gwada zoben a wuyan hannunsa, ya ƙi shiga.

Yaya ya ce a jefa cikin tarkacen ƙarafa. Dogo ya ce to, amma ya sa a aljihu.

Da la'asar ya koma gida, ya rataye rigar ya shiga wanka. Yana fitowa ya ji ƙarar sarƙa a kan siminti. Autarsa, 'yar shekara biyar, ta zura ƙafa cikin zoben tana zagaya tsakar gida.

"Baba, duba! Daidai ni!"

Tsawar da ya daka mata ta sa matarsa ta saki kwano. Ya zare ƙarfen daga ƙafarta, yarinyar na kuka, shi ma bai san hawaye na zubo masa ba.

"Baban Auta, lafiya? Me ka kawo mana gida?"

Ya mayar da ƙarfen cikin aljihun rigar.

Washegari ya nemi inda aka sare bishiyar. Ya tambayi tsofaffin wurin ko wa aka taɓa ɗaurewa a nan. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ce ita dai a inuwar ta yi wasa, kakarta ma haka, ba wanda ya taɓa faɗin komai.

Ya haƙa rami gefen kututturen, ya naɗe ƙarfen a sabon ƙyalle ya binne. Ya so ya yi addu'a, amma bai san sunan da zai kira ba, bai ma san ko mace ce ko namiji ba. Ya daɗe a tsugune.

Bayan sati biyu aka malale wurin da kwalta. In aiki ya bi da shi ta hanyar, yakan sauka daga babur ya tura shi da ƙafa har ya wuce, masu mota na ta yi masa oda.